Orgun Biyu, Hannu Ɗaya

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Malam Alhasan ya zo daga Rusairis. Bikin ɗiyarsa Zainabu Juma'a ta sama, da la'asar. Ya ce, "Ya Tahir, kiɗa nika so mai cika, irin wanda kuka saba yi kai da wanka." Na ce tamam, baki ya riga hankali. Yaya Bilyamin ya tafi arewacin ƙasar nan neman aiki tun farkon yaƙi, wayarsa ba ta shiga. Orgun ɗinsa, piyanon lantarki irin nawa, na nan ƙarƙashin zanen Inna, kujerarsa a gaba. Ni ke bin waƙa, shi ke fitar da sautin sarewa da ganga a orgun ɗinsa. Ni kaɗai kiɗana kamar miya ba gishiri.

Laraba, 6

Na ɗauko wayar MIDI, mai haƙora biyar. Ba sauti take ɗauka ba, saƙo ne kawai: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an saki. Orgun ɗina zai yi umarni, nasa ya bi. Na san haka tun tuni. Ƙanin ne dai bai taɓa ba wa wansa umarni ba.

Ban jona ba.

Alhamis, 7

Na jona. Shiru. Na zagi wayar, na zagi janareta. Ashe ramin fita na haɗa da ramin fita, kowa na magana, ba mai saurare. Na gyara, nawa fita, nasa shiga. Shiru dai. Yaya ya bar nasa a tasha ta biyu, ni ina aikawa ta ɗaya. Sai da na koma tasharsa.

Asabar, 9

Ya yi. Na danna nan, sarewarsa ta tashi can, yadda ya saita ta da hannunsa, har da 'yar rawar muryar. Maɓallansa ko motsi ba su yi.

Inna ta shigo a guje, hannu duk ƙullun kisra, ba mayafi. Ta dubi kujerar. Ta dube ni.

"Kai ne?"

Na ce ni ne, Inna. Ta ce, "Halas, ci gaba," ta fita a hankali. Na kashe komai. Ban taɓa jin kewarsa kamar yau ba, kuma na ji haushin kaina.

Talata, 12

Ba labarin Yaya.

Juma'a, 15

An yi biki. Na kai kujerarsa na ajiye gefena, mutane na ta tuntuɓe da ita. Mata sun yi rawa har ƙura ta tashi. Malam Alhasan ya ce, "Wallahi kamar ku biyu." Da ya ce kiɗan bai cika ba, da ya fi mini daɗi.

Lahadi, 17

An kira ni wani biki a Damazin. Na ɗora orgun ɗin Yaya bisa nawa, hawa biyu, ya fi sauƙin kai hannu. Na rage rawar sarewar kaɗan, ta yi mini yawa. In ya dawo sai ya mayar.

Inna ta ce tana son kujerar a madafa. Na kai mata.