Maɗin ɗinyar Baba

Daren Laraba, Rajab 1368

Yau ma Baba ya ƙi abinci. Ba abin da yake ambato sai maɗin ɗinya irin wanda Innarsa take yi masa a Kano, tun kafin ya taho hajji a ƙafa. Ni da aka haifa a Makka, ina na taɓa ganin ɗinya? Ya ce baƙa ce mai zaƙi, sai na sa aka sayo mini 'ya'yan itacen tut na garin Ɗa'if, tunda su ma baƙaƙe ne. Na murje da hannu, na tace, na sa citta da sukari. Har yanzu yatsuna a rine suke.

Sai da na miƙa masa na tuna na turara kofin da ƙaron mastika, yadda muke yi wa ruwan sha a nan. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na ɓata.

Ya kurɓa. Can ya ce, "Ya binti, 'yata, wannan ba ɗinya ba ce. Launin na gida ne, ƙamshin na Makka. Kamar ke."

Ya shanye tas, ya miƙo kofin. Na koma madafa na yi kukana, sannan na ƙaro masa.