Gwaggo Ta Fara Kiran Sunana

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni.

Shekarata goma sha shida. A Ƙarfi nake, wajen Gwaggona da ta ɗauke ni riƙo tun ina rarrafe, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke 'yar nan", irin kunyar da ake yi wa ɗan fari. Bana, tana da arba'in da ɗoriya, sai ga ciki. Kowa murna, ni kuwa ji nake kamar an fara haɗa mini kayana a buhu. Wa zai kula ni in nata ya zo?

Na raka ta awo Malumfashi. Malamar asibiti ta ce haihuwar fari a shekarun nan, ga hawan jini, naƙuda takan yi gardama, lallai a asibiti za ta haihu, wataƙila sai an yi aiki. Ni kuma bakina ba shi da murfi. Ranar da matan layinmu suka taru ɓarar masara a tsakar gidanmu, na cusa kabewa a riga, na dafe ƙugu ina tafiyar agwagwa, ina cewa, "Likita, a yanka a hankali, kabewar ta daɗe a rumbu!" Suka yi ta dariya har da faɗuwa. Wata ta ce, "Ai raguwar mace ake yi wa aiki." Ina juyowa, ga Gwaggo a bakin ƙofa da kwanon kunun da ta dama musu.

Ta ajiye kwanon ta juya. Washegari ta ce wa mijinta, wanda nake kira Baba, a gida za ta haihu, ungozoma ta ishe ta. Ya lallasa, ya yi faɗa: "Hajiya, me ya canza?" Ta ce, "Ba komai, Malam." Bai san ni ce ba. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, watan haihuwarta ya kama.

Tun ranar kuma da sunana take kirana, ƙarara, kamar wata 'yar maƙwabta. Duk ta kira sai in shiga madafa in yi kuka ni kaɗai.

In na gaya wa Baba, Funtua zai mayar da ni, wajen iyayen da ko ɗakinsu ban sani ba. In na yi shiru naƙuda ta same ta a gida fa? Anti, me zan yi?