Ranar da Allin Baba Ya Karkace

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki. Ya nauyin jiki? Inna ta hana a kira ki saboda cikinki, wai da kin ji muryarmu za ki ɗauko jaka. Shi ya sa na rubuto, ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya. Ki fara cewa Alhamdulillahi kafin ki ci gaba. Baba yana asibiti, amma yana gane kowa.

Ranar Talata da hantsi muna shago, ina kan keken ɗinki, shi yana teburin yanka da yadin hedimasta, wani ruwan toka. Kin san Baba ba ya ɗora rula, da ido yake jan alli, layin ya fito kamar an miƙe zare. Na ɗago sai na ga layin ya gangara gefe. Ya goge da tafin hannu, ya sake ja, ya sake gangarawa. Duk da haka ya sa almakashi ya bi shi. Shekara goma sha ɗaya ina kallon hannun nan, ban taɓa ganin haka ba. Na ce masa sannu, ya juyo zai amsa, sai na ga gefen bakinsa ya sauka.

Maƙwabcinmu mai fenti ya leƙo ya ce gajiya ce, a shimfiɗe shi a benci. Baba ma da hannu yake korata in koma kan keke. Yaya, ban taɓa ƙin maganarsa ba sai ranar. Na zare almakashin daga hannunsa, na ce wa mai fenti ya tada mota ko in tada ta da kaina, ni da ban san ina ne birki ba. Likita ta ce hawan jini ne ya taɓa ɓarinsa na dama, kuma da mun bar shi a bencin nan da yanzu wani zancen ake yi.

Inna na gefen gadonsa da carbi, ba abin da take maimaitawa sai godiya ga Allah da abin ya same shi a gaban mutane. Ki taya mu addu'a, kada ki taso.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ƙafafun kuma sun rage kumburi. Saƙonki ya iso. Baba ya fara haɗa magana, kalmar da ya fara fitarwa sosai ita ce Alhamdulillahi, ta biyun kuma ya tambayi wa ya rufe shago. Hannun dama ne har yanzu ba ya riƙe cokali.

Kin yabe ni da yawa a saƙonki, ni kuwa akwai abin da ya hana ni cin abinci. Jiya likita ta tambaya ko Baba na shan maganinsa na hawan jini. Inna ta ce ita da kanta take sa masa ƙwayar a aljihu kullum in zai fita. Baba ya gyaɗa kai. Likita ta ce to ashe maganin ya daina yi masa aiki, jibi za ta ƙara masa mai ƙarfi sosai.

Yaya, ba ya sha. Kin tuna gwangwanin da muke zuba fararen maɓallan riga? A ciki yake jefa ta kowace safiya, ta ɓace a cikinsu. Wata uku ke nan da na gani, ranar da na ɗauko maɓalli na nemi hujinsa na rasa. Na mayar na rufe. Kullum ina cewa gobe zan yi magana, in na dubi fuskarsa sai nauyinsa ya kama ni. Yanzu ina kallon hannun nan a kwance a kan bargo ina cewa da na buɗe baki tun lokacin.

Na tambayi wata nas a gefe, ban kama suna ba, ta ce a ba mutum magani mai ƙarfi bisa labarin da ba haka yake ba yana iya kayar da shi. Na yi sallar la'asar na daɗe a zaune ina roƙon Allah ya ba ni ƙarfin hali. Gobe da safe zan kai gwangwanin. In ya yi fushi da ni, gara ya yi fushin yana numfashi.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da mutumin cikin nan da muke jira. Mu nan sai godiyar Allah, an sallami Baba, yau kwanansa tara a gida.

Na kai gwangwanin. Na juye shi a faranti a gaban likita, ta sa biro tana ware ƙwaya daga maɓalli. Inna ta dubi Baba ta ce, Malam, ashe wata uku riguna nake wa magani? Shi bango kawai yake kallo. Da likita ta lallaɓa shi ya ce ƙwayar tana sa shi yawan zagawa, alwala ba ta zama, ga yadin mutane a shimfiɗe, kuma bai so ya ɓata wa Inna rai. Likita ta ce ai da ya faɗa, akwai wadda ba ta yin haka. Ita yake sha yanzu, jinin ya sauka.

Kwana huɗu bai yi mini magana ba, ko ruwa zan ba shi sai ya ce wa Inna ta ce wa yaron nan ya ajiye. Na ci gaba da zuba masa ruwan alwala ina wanke masa hannun. Rana ta biyar ya ce ba tonon asirin ne ya dame shi ba, wata ukun da na yi ina kallonsa ne. Ya ce idon da Allah ya ba ni amana ce, in na gani in faɗa, ko shi ne. Na nemi gafararsa, ya ce shi ma ya nemi ta Inna, ta ce sai ta yi tunani.

Masu motsa masa hannu sun ce ya riƙa tsintar ƙananan abubuwa. Kin san me ya zaɓa? Gwangwanin nan. Yana zama a shago yana tsintar maɓallai ɗaya-ɗaya, kowanne da hamdala. Da safe kuma sai ya kira ni, ya haɗiyi ƙwayar a gabana, ya buɗe baki ya ce, likita, ka gani? Shekaranjiya ya miƙo mini alli ya ce tunda na iya ganin karkatar layin wani, in ja nawa ya gani. Na ja. Ya ce da saura, amma bai goge ba.

Hedimasta ya ce mu riƙe yadin da ya ɓaci. Yadin ya fitar da 'yar rigar jariri, na ɗinka, ga ta nan a cikin ƙullin. Za ki ga gefen dama ya ɗan gangara. Na so in daidaita, Baba ya hana. Ya ce a bar shi haka, in yaron ya girma ya tambaya, a gaya masa ta wannan layin Allah ya bar masa kakansa.

Inna na gaishe ki, Baba na sa miki albarka. Allah ya sauke ki lafiya.

Ƙaninki,
Auta