Kuɗin Tabarau

Zuwa gare ka, hasken idona da ya bar ni ina lalube, zumata mai zaƙi da harbi, ruwan sanyin da na kurɓa ya shaƙe ni, inuwar giginyata wadda na nesa ke sha, mu na gindi rana tana gasa mu. Maigidana, uban 'ya'yana, abin alfaharin unguwa, abin takaicin zuciyata!

Bayan gaisuwa, wadda ba don tarbiyyar da iyayena suka yi mini ba da na tsallake ta, ina fatan kana lafiya a can wurin aiki, kana ta ja wa benen mutane wayar wuta. Na ga kiranka sau goma sha huɗu cikin kwana shida, kuma da gangan na ƙi ɗagawa. Na san kaina, na san muryarka. Da zarar ka ce "haba uwar 'ya'yana," fushin da nake ta hura wa wuta zai narke kamar kitse a rana, in koma ina tambayarka ko ka ci abinci. Shi ya sa na zaɓi takarda na ba direban da ke kai muku kaya, domin takarda ba ta jin lallashi.

Ka tuna ranar da na fara ganinka? Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina tsaye a tashar mota rungume da kwalin sabon keken ɗinkina, kwalin ya fara jiƙewa, ni kuma na fara hawaye. Ba ka san ni ba, ba ka tambayi ko 'yar wace ce ni ba, ka tuɓe rigar ruwanka ka lulluɓe kwalin, ka koma gefe kana karkarwa kamar ɗan tsako. A ranar na ce a raina, duk macen da ta samu wannan ta gama dacewa. Wayyo ni! Wa zai gaya wa yarinyar nan ta tasha cewa abin da ya sace zuciyarta shi ne zai riƙa sa ta kuka?

Shekara tara ke nan ina zaune da alherinka kamar mai zama da kogi a ƙofar ɗaki: ga kyau, ga sanyi, ga kwashe kaya. Fankar kowa a layin nan tana juyawa da hannunka, kyauta. Ƙwan kicin ɗinmu kuwa ya yi mako uku da mutuwa, matar mai gyaran wuta tana yanka albasa da fitilar waya. Albashinka kan shigo gidan nan kamar baƙon da ya zo wucewa, kafin a ba shi ruwa ya miƙe. Wannan babur ɗinsa ya lalace, wancan an kore shi daga haya, wata ta zo da takardar magani. Ni ce mai raba sabulu gida biyu, ni ce mai auna madarar ɗanmu Sarkin Ɓarna da ƙaramin cokali yana kallona yana cewa in ƙara, ni ce mai sakin kalmasar wandonsa in sake saki har babu sauran abin saki. Na taɓa ɗaga maka murya? Nakan ce wa kaina alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Nakan ce gara mai buɗaɗɗen hannu da mai ƙulle shi. Na yi haƙuri har haƙuri ya fara jin kunyata.

Amma kuɗin tabaraun 'Yar Baba? Taurarona, har da su?

Kana zaune a nan ranar da na dawo daga makarantarsu na gaya maka abin da malamarta ta ce: yarinya mai shekara bakwai ba ta ganin allo, sai ta leƙa littafin ta kusa da ita, har 'yan aji sun sa mata suna Mai Satar Amsa. Kana ji na gaya maka likita ya gwada ta ya ce sai tabarau. Ka san wata uku na yi ina tara kuɗin, daga sa zif, daga rage tsawon siket, daga ɗinkin da nake yi har bayana ya ƙage. Ka san gwangwanin madarar da ke bayan buhun shinkafa. Ka sha ganinta da safe, kafin ta saɓa jaka, ta je ta ɗaga shi ta ji nauyinsa ta ce, "Umma, idona ya kusa cika?" Kai da kanka kakan yi dariya ka shafa kanta.

Bari in gaya maka yadda na sani, tunda ba ka ga na isa ka gaya mini ba. Washegarin tafiyarka, ina wanke-wanke da hantsi, aka yi sallama. Matar maigadin kamfaninku ce, ido ya kumbura, mayafi a karkace. Kafin in shimfiɗa mata tabarma ta zube a gabana ta kama ƙafata. Ta ce an yi wa ɗanta aiki, ya farfaɗo, har ya nemi ruwa. Ta ce ba don mu ba da yanzu wani zancen ake. Ta ce ka gaya wa mijinta wai kai da maiɗakinka kuka yi shawara kuka ga ya dace. Shawara! Ni da ban san hawa ba ban san sauka ba, na tsaya da kumfa a hannu ina murmushi, ina cewa ba komai, yi wa kai ne. Ta sa mini albarka har sai da na ji kunyar kaina. Tana fita na nufi bayan buhu. Tun kafin in buɗe murfin hannuna ya gaya mini.

Kada ka yi zaton kuɗin nake wa kuka, sanyin idaniyata. Kada kuma ka kuskura ka ce mini rai ya fi ido, na riga ka sani. Ni ma uwa ce. Da ka tsaya a bakin ƙofar kicin ka ce ga yaro kwance rai a hannun Allah, kana tsammanin zan rungume gwangwani in ce a bar shi? Wallahi da hannuna zan juye maka, in nemi mayafi in bi ka asibitin. Abin da ya ƙona ni shi ne ka auna ni a zuciyarka ka same ni marowaciya. Ka ga ya fi sauƙi ka lallaɓa kamar ɓera da ka dube ni ka tambaya. Shekara tara ina toshe ramukan da kyautarka ke haƙawa, ashe a wurinka ni ce katangar da ake tsallakewa a je a yi alheri. Kai ka tashi da suna, ka ara mini godiyar da ban yi wa aiki ba, 'yarka kuma ta tashi da hazo a ido. Wannan wane irin so ne, da ke ganin hawayen kowa ban da na wadda ke kwana a gefensa?

To, saurara, farin watana. Tura ta kai bango. Na sayar da talabijin ɗinka.

E, shi, wanda kake kallon ƙwallo kana ihu har ka tashi yaro daga barci. Mai gyaran rediyo na bakin titi ya saya, ya kuma taya shi da arha, na sallama ban ko ja ba. Ban yi shawara da kai ba, kamar yadda aka koya mini a gidan nan. Idan ka dawo ka ga teburin fayau, ka ɗanɗani abin da na ɗanɗana. Sarkin Ɓarna ya yi birgima ya gaji, yanzu ya mai da teburin mota, shi ne direba.

Jiya muka karɓo tabaraun da kuɗin talabijin ɗin. Ka cuci kanka da ba ka nan. Da aka ɗora mata, sai ta riƙe hannuna gam. A hanya ta tsaya a gindin wata bishiya ta ce ashe ganye ɗaya-ɗaya yake, ita ta ɗauka a haɗe yake kamar bargo. Ta karanta mini lambar kowace mota har muka iso gida. Da ta ɗago ta dube ni sai ta tambaye ni me ya sa idona ya yi ja. Na ce albasa ce.

Ga sharaɗina, kuma ba roƙo nake ba. Daga wannan wata, albashi a kan tabarma za a zube shi, ni da kai. A cire na ciki, na haya, na makaranta, sannan a ware na alheri, kason da za ka bayar ba tare da ka tambayi kowa ba. In wata babbar lalura ta taso wadda ta fi ƙarfinsa, ka buɗe baki ka yi mini magana kamar matarka. Sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa. Ba na so ka daina kirki, in ka daina ban san wa na aura ba. So nake kirkin ya riƙa kwana a gida.

Duk da haka, kaicona, ɗakin nan ya yi mini faɗi. Ina jin haushinka kamar in yi me, ina kuma kasa kunne ko zan ji takunka. Wace irin zuciya ce wannan Allah Ya ba ni, da ba ta iya ƙin ka ko na yini guda?

'Yar Baba ba ta san komai game da gwangwanin ba. Ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba har abada. Tun da aka taso su daga makaranta yau take zaune a bakin ƙofa da tabaraunta, ta ce so take ta hango ka tun daga kan kwana, ta riga ƙanenta. Ka dawo ranar da ka ce za ka dawo. Ka shirya fuskar da za ka nuna mata, domin yanzu tana gani sarai.

Taka ce ni, a cikin fushi da bayansa, ko da wadata ko babu, har ranar da za a rufe ɗayanmu da ƙasa. Ban yafe ba tukuna. Ka zo ka nema da bakinka.

Matarka,
uwar 'ya'yanka.