Kofin Baba a Shagon Mashdi Safar

Julfa, Isfahan.

Zuwa ga ƙanena Garegin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka lafiya da iyalinka a can Kalkata. Mu nan lafiya, sai Inna da ƙafa ta hana ta zuwa coci. Kullum tana zaune bakin taga, kai ta ke tambaya.

Ka tuna kofin nan da Mashdi Safar mai shayi ya ke rataye wa Baba a ƙusa shi kaɗai, don kada bakin Kirista ya taɓa na Musulmi? Saboda shi ka rantse ba za ka sake taka garin nan ba, kai sarkin zuciya. To, tsufa ya sa Mashdi ya rufe shago, shekaranjiya sai ga shi da sanda, ya kawo mana kofin. Ina juya shi na ga an karce wata kalma a gindinsa, wai "tarsa". Ka san ni da bin diddigi. Na tambaye shi, ya ce shi ma a bakin kakansa ya ji ana kiranmu haka, bai taɓa tambayar dalili ba. Ban haƙura ba sai da na tare limamin cocinmu. Ya ce kalma ce ta Farisawan dauri, tun kafin zuwan Musulunci, ma'anarta mai jin tsoro, kuma masana da yawa na ganin tsoron Allah ake nufi. Ashe muna zaune da sunanmu ba mu san shi ba! Abin ya tsaya mini a rai.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Da Inna ta kawo shayi, tsohon ya ture kofin baƙi, ya ce a zuba masa a na Baba. Ya shanye tas. Ya ce shekara da shekaru ya yi yana hira da marigayi Baba bai taɓa haɗa kofi da shi ba, yanzu ga shi ƙasa ta raba su. Ya ce in faɗa wa ɗan nan mai taurin kai abin da na gani. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Garegin, icen da aka sare ba ya komawa, amma Inna tana nan da ranta. Ta hana a wanke kofin, ta ce sai ka zo ka sha a ciki.

Ka gai da matarka Shushan da su Mesrop. Gwaggo Nazeli na gaishe ka.

Yayarka,
Araksi