Mutumin da Ya Nemi Makullin Babur

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ƙafar taka, ya ruwan Fatakwal? Ya Hajiya da yara? Mu nan Ƙofar Durbi lafiya lau, alhamdulillahi.

Ranar Juma'a wani ya yi mini sallama, ya ce shi ne Kofur Audu, wai tare muka yi soja, har ya sha aron babur ɗina a bariki. Yana so in bar masa shi ya gyara don tuna baya. Ban shaida fuskarsa ba, amma tsufa na canza mutum, sai na yaye buhunan da na lulluɓe babur ɗin da su a zaure.

Yaya, sai mutumin nan ya miƙo hannu, wai in ba shi makulli! Duk wanda ya zauna barikin nan ya san babur ɗin ba shi da makulli. Waya biyu ake haɗawa a ƙarƙashin sirdi, a karkata shi hagu mai ya sauko, sannan a tayar. A kansa nake ɗauko ka daga tasha, kana riƙe da kakina kana salati.

Na sallame shi. Amma wa ya gaya masa babur ɗin na nan? Kai kaɗai ke ƙorafin ya tare zauren gidanmu. To, ina raye ba ya fita.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajiya da yara. In kun yi waya da Kofur ɗinka, shi ma ka gaishe shi.

Ƙanenka,
Lawal