Kajinki da Ƙa'idar Kwadiratik

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu duk lafiya, har kajinki goma.

Maƙwabcinmu mai lambu ya rantse duk kazar da ta sake shiga latas ɗinsa, a tukunya za ta kwana. Don haka na sayo ragar waya mita goma sha biyu, zan kewaye musu gefe uku a jikin katanga, kowace kaza murabba'in mita biyu. Kin san ba na aiki da ka. Na kira faɗin x, na tuno ƙa'idar kwadiratik ta sakandare: x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a. Abin da ke ƙarƙashin tushen ya fito ƙasa da sifili, wato babu amsa. Ko wayar ce ta gaza, ko ni. Na fi zargin kaina, ina sake bi.

Mijinki.

Maman yara,

Ina fata Inna ta fara cin abinci. Albishirinki, lissafi ya fita! Da kaza tara, ƙarƙashin tushen sifili ne cif, amsa ɗaya tak: faɗi uku, tsawo shida. Yadda suka koma tara kuwa, maƙwabci ya aiko mana da cinya. Na ci kafin na gane. Gobe zan kafa turaku, bayan na ƙara dubawa.

Mijinki.

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna. Ina cikin dubawa suka zama takwas, amsa ta rabu biyu: huɗu da huɗu, ko biyu da takwas. Duka daidai ne. Ni da ko hula ba na iya zaɓa sai kin nuna! Na tambayi Yaya, ya ce in kafa kowanne in daina ɓata masa rai, amma bai kawo hujja ba. Sai na je kasuwa na sayo kaza ɗaya don su koma tara. Na dawo na ƙirga: takwas, har da sabuwar.

Ki zaɓa mini, don Allah. Kafin amsarki ta iso na rufe su inda maƙwabci ba zai kai ba, wato ɗakinki. Sun fi son gadon. Biyu sun fara kwanci cikin akwatin zannuwanki, kuma in suka ƙyanƙyashe, dole in sake lissafi daga farko.

Naki har kullum,
Baban yara.